Allura Mai Tsini Biyu

Duk yarinyar da aka kawo mana sabuwa, kafin ta cika mako sai ta tsaya gaban akwatin allurai, ta ɗaga kai ta kalli takardar da ke liƙe a samansa, ta ce, "Abla Sakina, me ya sa wannan allurar take da tsini biyu?" Na gaji da amsawa da baki. Kowace sai na faro mata daga tushe, ga aiki yana jira, ni kuma ba ni da haƙurin maimaita magana. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya. Wadda ta iya karanta Hausa ta karanta, wadda Hausarta ta tsaya a kunne ta nemi mai karanta mata.

Shekarata tara ina ɗinki a wannan masana'anta ta Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antu ta Jidda, ɓangaren mata. Mu ba abaya muke ɗinkawa ba, ba kuma kayan biki ba. Rigar ma'aikata ce mai haɗe da wando, wadda ake ce wa afarol: ta masu walda, ta masu aikin mai, ta masu gyaran jirgin ruwa. Kuna zuwa kuna cewa ai ɗinki taka feda ne kawai, yadi ya wuce. To mai walda da tartsatsin wuta ya sami kafa a hammatarsa saboda kin tsallake taku uku, shi zai gaya miki ko taka feda ne. Mu ba ma ganin masu sa kayanmu, su ma ba sa ganinmu. Abin da ya haɗa mu da su ɗan ƙyalle ne a cikin wuyan riga, mai ɗauke da lambar keken da ya ɗinka ta. In an dawo da kaya, wannan lambar ake dubawa.

Aikina na farko a nan ko yadi babu a cikinsa. Khala Madina, wato inna Madina, ƙawar mahaifiyata ce tun suna Sudan, kuma maƙwabciyarmu a unguwar Kurayyat, ita ta kawo ni bayan na gama sakandare. Ta zaunar da ni gaban keke, ta cire zare sama da ƙasa, ta miƙo mini farar takarda mai layuka, ta ce in bi layi da allura. Mako shida ina huda takarda. Layi miƙaƙƙe, sannan mai kwana, sannan da'ira kamar katantanwa. Da yamma sai ta ɗaga takardun ta hanga a hasken fitila, duk hujin da ya kauce ta zagaye shi da jan biro. Wata rana na ce mata ban yi shekara goma sha biyu a makaranta don in zo ina huda takarda ba. Ta ce to shekara goma sha biyun ba su koya mini bin layi ba, in ci gaba. Daga takarda aka mayar da ni datse zare, daga nan aljihu. Na yi wata takwas ba abin da nake ɗinkawa sai aljihu, har in na rufe ido a motar komawa gida aljihu nake gani. Sai da na shekara biyu aka bar ni na sa zip na farko, shi ma Khala ta warware shi a gabana, ta ajiye mini.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Keke, almakashi babba da ƙarami, tef na awo, alli, reza ta warware ɗinki, da ɗan burushi na share gashin yadi daga gidan kwarkwaro. Almakashinki naki ne, ba a aro, wadda kuma ta yanka takarda da shi ta nemi wani. Allura ce kaɗai ba taki ba. Tana cikin akwati a kulle, mabuɗi yana hannun mai kula da sashe, wadda muke ce wa Abla, wato yaya, a wancan lokacin Abla Nafisa. Ba za a ba ki sabuwa ba sai kin kawo tsohuwa. In karyewa ta yi, sai kin kawo guntayen duka, a jera su a kan takarda, a ga sun haɗa allura cikakkiya daga gindi har tsini, a liƙe da salatif, ki sa hannu. In guntu ɗaya ya ɓata, an tsayar da layinki ke nan. A kawo maganaɗisu a bi ƙasa, a bi tebur, a kakkaɓe abayarki, a kwashe duk kayan da ke kusa a bi su da na'urar gano ƙarfe. Mutum goma za su zauna suna kallonki, aikin yini ya tsaya saboda ke.

To da yake ba mai son wannan kallo, sai 'yan mata suka samo dabara, kuma na same ta a nan, ba ni na ƙirƙiro ba. Kusan kowace tana da gidan ashana a ƙasan jakarta. Duk lokacin da ake shara aka tsinci tsohon tsinin allura a lungu, sai a jefa a ciki. Ranar da taki ta karye tsini ya ɓata, sai ki zaro ɗaya daga gidan ashana ki cike gurbi, ki kai wa Abla, halas, an gama. Tsini duk kamarsu ɗaya in lambar allura ɗaya ce. Murja, wadda ke keken da ke kusa da nawa, 'yar Maraɗi mai baki kamar reza, ita ta ba ni nawa a matsayin kyautar shiga layi. Khala Madina kaɗai na san ba ta da shi. Ta san muna yi, ta kan ce Allah ya shirye mu, ta ci gaba da aikinta.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce shekarar annoba. Aka rufe mu watanni, da aka buɗe kuma babu mai neman afarol, sai takunkumin fuska. Ɗinki huɗu ne a jikinsa, ki yi shi daga safe har la'asar, gobe ma haka. Rabin kekuna aka lulluɓe da leda. Waɗanda iƙamarsu, takardar izinin zama, ta sami matsala a wannan shekarar ba su dawo ba, har yau akwai wadda ban san inda take ba. Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne hannuna ya fara mantawa. Da aiki ya dawo aka miƙo mini wuyan riga, sai na ga ina juya shi kamar ban taɓa gani ba. Khala ta ce ita kullum in ta koma gida takan ɗinka wuya ɗaya da ragowar yadi ta warware, don kar hannu ya kwanta. Ba ta gaya mini ba sai da shekarar ta wuce. Na ce mata me ya sa, ta ce ban tambaya ba.

Bayan wannan ne aka ɗaga ni zuwa keke mai lamba takwas, wato teburin samfur. A nan ake ɗinka riga ta farko da za a nuna wa mai oda kafin a yanka sauran. Ba a zaunar da kowa a wurin. Riga guda kike yi daga farko har ƙarshe, ba hannu kaɗai ko aljihu kaɗai ba, ga na'urar sanyi a saitin kanki. Shekara shida na yi kafin na kai. Sai dai na hau da takardar gargaɗi biyu a kaina, abin da muke ce wa inzar. Ta farko na haɗa hannayen riga goma sha huɗu a juye saboda sauri. Ta biyu na gaya wa Abla Nafisa magana a gaban mutane, kuma gaskiya na faɗa, amma ba a nan take ba. Ta uku ita ce a sauke ki daga keke a kai ki ɗakin ninki, ki yini kina ninke kaya kina sawa a leda. Wasu suna dawowa, wasu sukan tarar an zaunar da wata a kujerarsu.

Aikin da ya kawo takardar nan oda ce ta ƙananan afarol shuɗɗa guda sittin, na 'yan matan makaranta da za a tara a koya musu ilmin sararin samaniya lokacin hutu. Aka ce mai jagorantar shirin za ta zo da kanta ta ga samfur, kuma wai 'yar sama-jannati ce, tana cikin matan farko na ƙasarsu da suka hau. Murja ta yini tana cewa za mu ga doguwar mace mai tafiya kamar ba ta taka ƙasa. Ranar Talata sai ga wata gajeriyar dattijuwa mai furfura, da takalmin roba, tana ɗingisa ƙafa kaɗan, riƙe da jakar leda. Daktora kowa yake ce mata, mu ma haka muka kira ta. Larabcinta na littafi ne, a hankali take jero shi kamar mai karanta labarai. Ta juya samfurin da na ɗinka ciki waje, abin da masu oda ba sa yi, ta bi ɗinkin hammata da ɗan yatsa, ta ja aljihu da ƙarfi. Sannan ta buɗe ledarta ta fito da tata shuɗiyar rigar, tsohuwa, gwiwoyin sun koɗe. Ta ce wannan ce ta yi horo da ita, tana so ta sa a gaban yaran, amma rigar ta ƙi yarda cewa shekaru sun wuce. A buɗa mata ƙugu. Abla Nafisa ta miƙo mini, ta ce gobe da hantsi za a zo karɓa.

Bayan azahar na zauna a kanta. Na warware gefe biyu, na samo yadi mai kusan kalarta, na saka ƙari. Wurin da ɗinkin ƙugu ya haɗu da zip na aljihu yadi ya ninku shida, kuma doka ita ce ki sauke ƙafa ki juya keke da hannu. Na sani sarai. Amma ina so in gama kafin la'asar a ce Sakina ta gama, sai na taka. Ƙas. Na sami gindin a jikin keke, na sami tsakiyar a kan farantin allura. Tsini babu. Na duba cinyata, na duba ƙasa da ƙafa kamar ina gyara takalmi, na shafa ɗinkin sama-sama, ban ji komai ba. Na san in na ɗaga hannu za a tambayi yadda aka yi allura ta karye a kan zip, amsar kuma inzar ta uku ce, a kan rigar baƙuwa. Na kuma san rigar tana da zip na ƙarfe har bakwai, na'ura za ta yi kuka ko da tsini ko babu, don haka ba za a bi ta da ita ba. Murja ba ta ko juyo ba, ta ce ƙasa-ƙasa, "Me kike jira, ashanarki ta ƙare ne?" Na zaro, na jera, na kai. Abla ta duba, ta liƙe, na sa hannu. Na gama rigar kafin la'asar, aka ce ma sha Allah.

Washegari Daktora ta zo da wuri, ta same mu muna hutun shan shayi, ta ƙi zuwa ofis, ta ja kujerar roba ta zauna cikinmu. Khala ta yago mata burodin tamis ta tura mata kwanon ful, dafaffen wake. Nan 'yan mata suka rufe ta da tambaya. Ni ina gefe, rigarta tana rataye a bayana cikin leda.

Ta ce mahaifinta makanikin motocin haya ne, a garejinsa ta koyi riƙe sifana. Ta karanta injiniya, ta koyi tuƙin jirgi, ta nemi shiga aikin sama-jannati aka ƙi ta, ta sake nema aka sake ƙi, sai a na uku. Da aka ɗauke ta kuma ta ɗauka an gama, ashe jira aka fara. Shekaru tana horo a ƙarƙashin ruwa da cikin aji, waɗanda suka zo bayanta suna hawa suna dawowa, ita ana ce mata tukuna. Farar rigar fita wajen kumbo da awon maza aka yi ta, safar hannun ta yi mata yawa, sai ta matse yatsu da ƙarfi kafin ta kama abu, har farcenta biyu suka fita. Ta nuna mana, har yau a karkace suke tsirowa. Wata ta tambaye ta ko ba ta yi fushi ba. Ta ce ta yi, amma fushi ba ya rage awon safar hannu, sai ta zauna da masu ɗinkin har suka gyara, waɗanda suka zo bayanta suka sami daidai su.

Murja ta ce, "To Daktora, a can saman ma mace ce ke wanke-wanke?"

Ta yi dariya har ta ajiye kofi. Ta ce a can har kwamanda yana wanke makewayi in layinsa ya zo, kuma ita ta fi kowa iya gyara shi in ya lalace, da wannan aka fi tuna ta, ba da wani abin kirki ba. Ta ce mutane suna ganin hoto ana shawagi ana murmushi, su ɗauka aikin ke nan. Yawancinsa share matatar iska ne, da karanta takardar umarni layi-layi kana yin abin da ka riga ka haddace, kana faɗa da baki wani yana amsawa. Khala Madina ta tambaye ta ko ta hango Makka. Ta ce ta hango Bahar Maliya, ta gane Jidda a bakinsa, amma kafin ka kira wani ya zo taga an wuce. Khala ta ce Allahu akbar, ta ƙara mata shayi.

Sai idonta ya kai kan takardun allura da ke kan teburin Abla. Ta tashi ta ɗauko ta sama, wadda kuwa tawa ce ta jiya. Abla ta yi mata bayanin dokar. Ban taɓa ganin baƙo ya ji daɗin wannan takarda ba sai ita. Ta ce haka ake yi a inda ake ɗinka fararen rigunansu, har fil ake ƙirgawa safe da yamma, domin huji ɗaya a wannan rigar mutuwa ce. Ta ce a can sama abu ba ya faɗuwa ƙasa ya jira a share shi, yawo yake yi a iska har ya sami idon wani ko maƙogwaronsa. Sannan ta ba mu labarin kwananta na uku da hawa. Tana gyaran wata na'ura, ɗan ƙaramin noti ya kuɓuce mata ya bi iska, ba wanda ya gani. Ta san abin da za a ce a gida in an ji: ga irinta nan, an aika mace. Ta ce ta ja numfashi ɗaya, sannan ta danna maɓallin magana ta faɗa. Mutum huɗu suka bar aikinsu rabin yini suna nema, aka same shi a bakin matatar iska. Ba wanda ya yaba mata, ba wanda ya zage ta, aka rubuta aka wuce.

"A aikinmu ba jarumi ake nema ba," in ji ta. "Jarumai suna da yawa, kuma suna kashe mutane. Wanda ake nema shi ne mai saurin cewa na yi kuskure tun abin yana ƙarami."

Murja ta zungure ni da ƙafa a ƙarƙashin tebur, wai in daure fuska. Da a nan Daktora ta tsaya, wataƙila da na daure. Sai ta ƙara da cewa ita ba ta taɓa ganin matar da ta ɗinka farar rigarta ba, lambarta kawai ta sani, wadda ke cikin wuya. Duk lokacin da za ta sa rigar sai ta karanta lambar, ta ce a ranta na ba ki amanar kaina. Bayan ta dawo ta je masana'antar don ta gaishe ta, aka ce ta yi ritaya ta koma garinsu. Har yau tana riƙe da lambar. Sannan ta juyo ta tambayi wadda ta gyara mata shuɗiyar. Abla ta nuna ni. Ta ce mene ne lambata.

Na ce, "Takwas."

Ta ce, "Takwas. Zan riƙe."

Ta karɓi rigar, ta cire leda, ta tambayi inda za ta gwada. Abla ta nuna mata ɗakin sallah. Ta yi taku uku ko huɗu.

Na ce, "Daktora, kar ki sa."

Kowa ya juyo. Ban iya kwana-kwana ba ko a ranar da nake so, don haka na faɗa yadda yake. Na ce allurata ta karye a ƙugun rigar jiya, tsinin da ke kan takardar ba nata ba ne, na gaskiyan ban san inda yake ba, kuma ina zaton yana cikin rigar. Abla Nafisa ta cire tabarau ta sake mayarwa. Murja ta ce a hankali, da Hausa, "Ke dai Allah ya yi ki ba ki da wayo." Khala Madina ta tashi ta ɗauko maganaɗisu da reza ta ajiye a kan teburina, ta ja kujera.

Ni na warware ɗinkin da hannuna, taku ɗaya-ɗaya, layi duka a tsaye ana kallona, kallon nan da na guje wa jiya. Daktora ta zauna a gabana ta riƙe mini ɗaya gefen yadin. Mun kusa rabin awa. A ninki na huɗu, tsakanin tef ɗin zip da yadin ciki, Khala ta kawo maganaɗisu sai muka ji ɗan ƙaramin sauti. Bai kai ƙwayar shinkafa ba. Bakinsa yana kallon ciki, daidai inda mutum zai lanƙwasa in ya sunkuya ɗaukar yaro. Daktora ta ɗora shi a tafin hannunta ta daɗe tana kallo, ta ce na gode, ta miƙa wa Abla. Ba ta roƙa mini afuwa wurin Abla ba. Murja ta yi kwana uku tana mita a kan wannan, wai mace ta je har sama ta dawo amma ba ta iya cewa a yi haƙuri ba. Ni ban ga laifinta ba. Da ta roƙa, da labarin notinta ya zama hira kawai.

Abla ta kira ni ofis. Ta tambayi inda na sami tsinin ƙarya, na ce gidan ashanata. Ta tambayi su wa ke da irinsa, na ce jakata kaɗai na sani. Ta ce bakina ne zai kashe ni wata rana, ta rubuta inzar ta uku, wata guda a ɗakin ninki. Amma ta ce in fara mayar da ɗinkin rigar tukuna, da hannu a kan zip, tana tsaye. Washegari da safe mai shara ta fito daga bayan gida tana tambaya wa ya zubar da gidajen ashana har tara a kwando. Murja ta ce ai jiya duk muka daina shan taba.

Ɗakin ninki ba na'urar sanyi mai kirki, kuma a tsaye ake yini. Na ninke ƙananan shuɗɗan nan sittin da hannuna, waɗanda wasu suka ɗinka a kan samfurina. Na koyi abin da ban sani ba a can: daga ninki ake gane wace ce ta ja yadi, wace ce ta bar zare, ba sai an duba lamba ba. A mako na uku Daktora ta biyo karɓar ragowar kaya kafin ta bar Jidda. Ta leƙo ɗakin sanye da tsohuwar rigarta, ƙugu ya zauna daidai. Ta ce yara sun yi ta rungumar ta har ta gaji. Ta miƙo mini hannu ta ce, "Takwas," ta tafi. Ban sake ganinta ba.

Da wata ya cika na tarar da kekena a lulluɓe, ba a zaunar da kowa ba. Daga baya na ji Khala Madina ce ta riƙa yin samfur a kan nata keken bayan ta gama aikinta, don kar a ce teburin yana bukatar mutum. Ita ba ta taɓa faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba, na dai kai mata sabon almakashi. Bayan shekara ɗaya da Abla Nafisa za ta koma wani sashe, ta ajiye mini mabuɗin akwatin allurai a kan tebur. Na ce ni mai inzar uku? Ta ce ai ni na san inda ake ɓoyewa.

Sana'ar nan ta riƙe ni, kuma ina son ta. Ina son ƙarar layi in kekuna goma sun daidaita, ina son in ga mota ta wuce da ma'aikata sanye da kayanmu in ce wannan wuyan namu ne. Ban je sama ba, ba kuma zan je ba, ko jirgin Madina ina addu'a tun daga tashi har sauka. Amma akwai wata dattijuwa a wata ƙasa da ta san lambata.

Takardar da kuke tambaya a kai ita ce tawa ta ranar Talatan nan. Khala ce ta liƙa tsini na biyu kusa da na farko, Abla ta manna ta a bango. Na hagu na gidan ashana ne, na dama shi ne wanda ya kwana a ƙugun rigar. Yanzu kun sani, kar wadda ta sake tambayata. Wadda allurarta ta karye ta kashe keke ta ɗaga hannu, zan zo da maganaɗisu in durƙusa tare da ita, ko yini za mu yi. Wadda kuma take da gidan ashana a ƙasan jaka, kwandon shara yana bayan ƙofa, ni kuwa ba na kallon wajen sai bayan an gama shan shayi.